Muhawara: Wane madubin saiti ya dace da bindigar farautar ɓauna?

Mazaunin Jamus

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Na kammala shirin zuwa farautar ɓauna a kwarin Zambezi da ke ƙasar Zimbabuwe, ta hannun kamfani mai lasisi, kuma tare da jagoran farauta kamar yadda dokar ƙasar ta tanada. Bindigar da zan tafi da ita CZ 550 ce mai cin harsashi .375 H&H, abin da ya rage mini kawai shi ne madubin saiti. Ina da wani madubi mai ninki 3 zuwa 12, wato yana ƙara girman abin da ake kallo sau 3 zuwa 12, da gilashin gaba mai faɗin milimita 56, wanda nake farautar barewa da shi a nan Jamus, kuma ko da hasken farin wata kaɗai yana nuna dabba sarai. Jagoran ya rubuto mini cewa in zo da ƙaramin madubi, amma bai yi bayanin dalili ba. Shin in ɗora wanda nake da shi in huta da kashe kuɗi, ko kuwa akwai abin da ban hango ba?

Tsohon Mai Bin Sawu, Garwa

Wa alaikumus salam, Malam. Jagoranka ya faɗa maka gaskiya, sai dai ya taƙaita. Na yi aiki a yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Benuwe da na Faro a arewacin Kamaru, kuma duk da cewa ɓaunarmu ba ta kai ta kudancin Afirka girma ba, halinsu ɗaya ne idan suka ji ciwo. Ita ɓauna ba a harbinta daga nesa. Bin sawunta ake yi tun asuba har a cim mata inda ta kwanta a inuwa, kuma galibi harbin farko yakan kasance tsakanin mita 30 zuwa 80. Dajin da za ka shiga a Zambezi kuwa ya shahara da sarƙaƙiya, wani lokaci garken yana gabanka kana jin numfashinsa amma ba ka ganin komai sai baƙin wuri a tsakanin rassa.

Harbin farko ba shi ne abin da ake saya wa madubi ba, domin kana da lokaci, bindiga tana kan sandunan jingina, jagora yana raɗa maka wadda za ka harba. Abin lura shi ne bayan harsashi ya shiga kuma dabbar ba ta faɗi ba. Ɓauna tana iya gudun da ya kai kilomita 50 a awa, wato tana cinye mita 20 cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Madubin da mafi ƙarancin ninkinsa 3 ne yana nuna maka fili mai faɗin mita 12 ko 13 a nisan mita 100, wanda ke nufin a nisan mita 15 abin da za ka gani bai kai mita 2 ba. Za ka ɗaga bindiga ka ga baƙin gashi ya cika gilashi, ba ka san ko kafaɗa ce ko cinya ba, kamar mai leƙen ɗaki ta ramin makulli. Madubin da ke sauka zuwa ninki 1 kuwa yana ba ka kusan mita 40 a nisan mita 100, wato kimanin mita 6 a wancan ɗan taƙin, kuma idanunka biyu a buɗe suke. Za ka ga dabbar gaba ɗayanta, ka ga inda mai bin sawu ya tsaya, wanda ni a wurina shi ne mafi muhimmanci, tunda mu ne a gaba.

Maƙerin Bindiga

Baba na Garwa ya yi magana ta fuskar daji, ni kuma bari in yi ta fuskar ƙarfe. Harsashin .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912, yana jefa dalma mai nauyin giram 19 da ɗoriya da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa, kuma naushin da yake mayarwa kafaɗa ya kusa ninka na matsakaicin harsashin farauta .30-06 sau biyu. Idan bindiga ta zabura baya, madubin yana so ya tsaya inda yake, saboda haka duk nauyinsa a kan zobba da notuna yake faɗawa. Shi ya sa madubin da ya sulluɓe a kan babbar bindiga gaba yake zamewa ba baya ba. Madubinka mai gilashin milimita 56 zai yi giram 600 zuwa 700, alhali ƙaramin madubi irin Leupold mai ninki 1.5 zuwa 5 bai kai giram 300 ba. Gwargwadon nauyinsa, gwargwadon wahalar da mazauninsa zai sha a kowane harbi.

Na biyu, babban gilashin gaba yana tilasta a ɗaga madubin sama don kada ya taɓa bututun bindiga. Da zarar ya yi sama, kumatunka sun bar jikin katako, sai ka riƙa laluben hoton da kai, kuma bindigar da ba a manne ta da fuska ba ta fi dukan mai ita.

Na uku shi ne tazarar da ke tsakanin ido da bakin madubi. Yawancin tsofaffin madubban Turai santimita 8 suke bayarwa. A kan .375 ina son in ga aƙalla santimita 9, a kan waɗanda suka fi shi naushi irin .416 Rigby ko .458 Lott kuwa 10 ko fiye. Mutum yakan harba a filin gwaji yana zaune daidai bai ga matsala ba, amma ranar da ya harba a durƙushe, ko yana fuskantar tudu, ko cikin gaggawa bai dafe gindin bindiga da kyau ba, bakin madubin zai tsaga masa gira. Raunin kansa ɗinki ne kawai, amma wanda madubi ya taɓa sara yakan koma runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar rabuwa da mutum.

Mazaunin Jamus

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malam Maƙeri. Hujjar faɗin gani ta shige ni. Amma ina da damuwa biyu. Ta farko ita ce haske, domin abin da na saba da shi a nan shi ne ƙaramin gilashi yana yin duhu da almuru. Ta biyu kuma, lasisina ya haɗa da wasu dabbobin fili, waɗanda za a iya samu a nisan mita 200, kuma bindiga ɗaya zan ɗauka. Ina tsoron kada in gyara wani gefe in ɓata wani.

Likitan Ido

Alhaji, batun haske lissafi ne mai sauƙi. Ka raba faɗin gilashin gaba da ninkin da ka saita, abin da ya fito shi ne faɗin da'irar hasken da ke isa idonka. Gilashin milimita 24 a ninki 4 yana ba da milimita 6. Ƙwayar idon matashi a cikin duhu tana buɗewa zuwa kusan milimita 7, ta wanda ya haura shekara hamsin kuwa sau da yawa ba ta wuce 5 ba. Saboda haka a ninki 4 ƙaramin madubin yana kawo maka hasken da idonka ma ba zai iya karɓe shi duka ba. Amfanin milimita 56 yana bayyana ne a ninki 8, inda yake ba da milimita 7, kuma an yi shi ne don mai zaman dako da dare a kan dandamali. Kai kuwa da rana za ka bi ɓauna, kuma jagora mai hankali ba ya barin baƙo ya harbe ta dab da faɗuwar rana, don kada a kwana da mai rauni a daji.

Game da mita 200, ninki 4 yana mayar da dabbar tamkar tana mita 50 ga ido tsirara, ninki 6 kuma tamkar mita 33. Wanda ya kasa samun kafaɗar babbar dabba a haka, ba madubi ne matsalarsa ba.

Sarkin Baka

Duk na karanta, kuma ban ƙi ko ɗaya ba, amma akwai abin da kuka tsallake. Ni a ganina idan aka shiga sarƙaƙiya bayan dabba mai rauni, madubi kowane iri ne ya kamata ya sauka daga kan bindiga ya shiga jaka. Ku dubi jagororin farautar kansu, da yawansu bindiga mai baki biyu suke riƙewa, irin su .470 Nitro Express, kuma saitin ƙarfe ne a kai. Gilashi yana fashewa, yana yin raɓa, ganye yana rufe shi, jini ko laka na iya fantsama a kansa. Ƙarfe ba ruwansa da wannan. Bindigarka CZ 550 ta zo da saitin ƙarfe mai kyau tun daga masana'anta. Shawarata ita ce ka sayi mazauni mai saurin cirewa, ka yi harbin farko da madubi, in an shiga bin jini ka murɗa hannuwan mazaunin guda biyu ka cire madubin. Haka magabata suka yi, kuma ba su kasa ba.

Ɗan Autan Zaure

Ranka ya daɗe Sarkin Baka, ina neman afuwa, amma a nan ban bi ka ba. Aikin jagora daban ne da na baƙo. Shi jagora ba ya harbi sai abu ya ɓaci, a nisan da bai wuce 'yan taku ba, kuma ya shekara yana riƙe da bindiga ɗaya. Ko su ɗin ma yanzu da yawa sun ɗora ƙaramin saiti mai jan ɗigo, irin Trijicon RMR ko Aimpoint Micro, a kan bindigoginsu masu baki biyu. Baƙon da ya yi duk atisayensa da madubi, in ka ce ya cire shi a lokacin da zuciyarsa ke bugawa, ka sa shi ya koma abin da bai saba da shi ba a mafi munin lokaci. Ni da zan zaɓa, madubi mai ninki 1 zuwa 8 zan ɗauka, mai jan ɗigo a tsakiya, irin wanda layukan saitinsa ke girma tare da ninki, in bar shi a kan bindiga daga farko har ƙarshe.

Likitan Ido

Ina goyon bayan Auta a rabin maganarsa, kuma dalilina na aikina ne. Saitin ƙarfe yana buƙatar ido ya haɗa abu uku masu nisa daban-daban, wato saitin baya, saitin gaba, da dabbar. Daga shekara arba'in da 'yan kai ido yana fara rasa ikon sauya kallo tsakanin kusa da nesa, shi ya sa mutane ke fara neman tabarau na karatu a wannan shekarun. Madubi yana ajiye layukan saiti da dabbar a wuri ɗaya ga ido, kuma akwai zoben da ake murɗawa a bayansa don daidaita shi da ƙarfin idon mai shi. Baba Sarkin Baka, wataƙila Allah ya ba ka ido mai ƙarfi, amma yawancin masu iya biyan kuɗin irin wannan tafiya sun wuce shekarun da saitin ƙarfe ke yi musu adalci a cikin inuwa.

Sarkin Baka

Likita, na karɓi batun ido. Amma ban janye batun mazauni mai cirewa ba. Ko ba don bin jini ba, mutum yana iya faɗuwa a kan dutse madubi ya bugu, kuma sansani yana da nisa da kowane kanti. Wanda zai iya cire madubin da hannu ya ci gaba da farauta ya fi wanda zai tsaya neman sukundireba.

Maƙerin Bindiga

A wannan Sarkin Baka ya yi daidai, kuma ba ya cin karo da maganar Likita. A sa mazauni mai cirewa, amma a ɗauke shi a matsayin mafita idan madubi ya lalace. Abin da ma ya fi shi ne ka tafi da madubi na biyu a cikin nasa zobban, wanda ka riga ka daidaita shi a gida, in na farko ya samu matsala ka sauya cikin minti ɗaya.

Sai dai ba kowane mazauni mai cirewa ne ke mayar da saiti inda yake ba. Na Talley da na Warne na Amurka, da na EAW na Jamus mai juyawa gefe, duk an san su a wannan aiki. CZ 550 tana da fa'ida a nan, domin an sassaƙa mata gurbin zobba a jikin ƙarfenta, har da ɗan rami a baya inda haƙorin zobe ke shiga ya tare naushi, saboda haka ba ta buƙatar farantin da ake ɗaurawa a ƙarƙashin zobba, balle ƙananan notunansa su karye. Masu bindigogin da ake ɗaura wa faranti, irin Winchester Model 70, su ne sukan sa a faɗaɗa ramukan a sa notuna masu kauri. Abu biyu za ka kula da su a CZ ɗin. Hannun da ake ja a sa harsashi yana tashi sama sosai, don haka ka tabbata bai gogi bakin madubin na baya ba. Sannan gidan harsashinta dogo ne, gajeren madubi ba lalle ya kai daga zobe zuwa zobe ba, shi ya sa mai miƙaƙƙen bututu, wanda ba shi da kumburi a gaba, ya fi zama a kanta. Ka kuma gwada cusa harsasai daga sama da sauri madubin yana ɗaure, ka ga ko yatsunka suna samun hanya.

Auta kuma, ƙanena, inda na rabu da kai shi ne irin layukan da ka zaɓa. Waɗanda ke girma tare da ninki suna ƙanƙancewa idan aka sauko ninki 1, su zama siriri a daidai lokacin da ake son su yi kauri. An yi su ne don masu harbin nesa da ke auna faɗuwar harsashi. A nan ana son waɗanda girmansu ba ya sauyawa, masu kauri, irin samfurin Jamus mai lamba 4, wanda ke da ginshiƙai uku masu kauri daga hagu da dama da ƙasa, suna jan ido zuwa tsakiya ko batir ya mutu.

Tsohon Mai Bin Sawu, Garwa

Jan ɗigon nan yana da amfani na gaske, domin baƙin layi a kan baƙar fata a cikin inuwa ɓacewa yake yi. Na sha ganin baƙo ya ɗora bindiga a kan sanduna ya daɗe bai harba ba, in an tambaye shi daga baya ya ce bai ga tsakiyar layukan ba. Amma a rage hasken ɗigon, in ya yi yawa yana rufe wurin da ake so a harba. A riƙe batir na ajiya, yawancinsu CR2032 suke ci. Akwai kuma Trijicon AccuPoint wanda ba ya amfani da batir sam, hasken rana yake tarawa ta wani zare, da duhu kuma wani sinadari mai haske da kansa ya karɓa.

Abin da ya fi ba mu wahala da baƙi shi ne mantuwa. Mutum ya murɗa madubi zuwa ninki 6 don ya duba ƙaho, ya saɓa bindiga ya ci gaba da tafiya, sai an yi kiciɓis da dabba a mita 10 ya ɗaga ya ga duhu. Ka mayar da shi doka a kanka cewa madubi yana zama a mafi ƙarancin ninki koyaushe. In dabba tana nesa akwai lokacin ƙarawa, in tana kusa babu lokacin ragewa. Duba ƙaho kuma aikin tabaran hangen nesa ne, ba a nuna bindiga ga abin da ba a yi niyyar harbi ba.

A wajenmu lokacin farautar fili yana faɗawa cikin rani, ga ƙurar hunturu ga tokar ciyawar da aka ƙona, kafin hantsi gilashi ya yi fari. Kada ka goge shi da bakin riga, ƙurar tana karce shi. Ka hure ta tukuna, ka share da burushi mai laushi. Murfin gilashi kuma a cire shi tun da aka sauka daga mota aka hau sawu.

Malamin Makaranta

Ina bin muhawarar ne don ƙaruwa. Shin wannan hukunci ya hau kan duk dabbobi masu haɗari, ko ɓauna kaɗai?

Tsohon Mai Bin Sawu, Garwa

Bai hau duka ba, Malam. Giwa ana matsawa kusa da ita fiye da ɓauna, sau da yawa ƙasa da mita 30, don haka ninki 1 ko jan ɗigo ko ƙarfe duk sun isa. Damisa kuwa, a ƙasashen da doka ta yarda, dako ake yi mata a cikin bukka kusa da naman da aka rataye a bishiya, kuma takan zo ne da almuru. A nan madubin Alhaji mai babban gilashi zai yi aiki sosai, a kan bindiga mai sauƙin naushi. Kada da dorinar da ke cikin ruwa su ma suna son ninki mai yawa, domin ƙwaƙwalwa ake nema kuma wurin ƙarami ne ƙwarai, in an kuskure dabbar ta nutse da rauni.

Mazaunin Jamus

Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya: zan bar babban madubin a gida, in nemi mai ninki 1 zuwa 6 da gilashin milimita 24, mai layuka lamba 4 da jan ɗigo, a kan zobba masu cirewa. A nan Swarovski da Zeiss da Leica da Kahles da Schmidt & Bender duk suna yin irinsa, zan ɗora kowanne a kafaɗa in ga wanda hotonsa ke zuwa mini da sauri. In kuɗi sun ragu zan ƙara ƙaramin Leupold ɗin a matsayin na ajiya. Saura tambaya ɗaya ga Malam Maƙeri: a wane nisa zan daidaita saitin?

Maƙerin Bindiga

A mita 100, da ainihin harsashin da za ka yi farauta da shi. A haka daga bakin bindiga har mita 120 bambancin bai wuce 'yan santimita ba, a mita 200 kuma zai sauka kimanin santimita 15 zuwa 20, sai ka ɗan ɗaga a kan kafaɗar dabbar fili. Ka tuna cewa a mita 10 harsashi yana faɗawa santimita 3 ko 4 ƙasa da ɗigon, saboda madubi yana saman bututu. Idan za ka tafi da harsashi iri biyu, mai buɗewa da mai ƙarfi wanda ba ya buɗewa, ka tabbata suna faɗawa wuri ɗaya.

Wajen ɗaurawa, ka sa rigar da za ka yi farauta da ita, ba rigar sanyin Jamus ba, ka murɗa madubin zuwa ninki mafi girma inda tazarar ido ta fi matsewa, ka tura shi gaba iyakar inda hoton ke cika. Ka goge mai daga cikin zobban, ka ɗaure notuna da ma'auni gwargwadon abin da masu zobban suka rubuta, sannan ka ja layi da fensir a jikin bututun dab da zobe, don in ya zame ko da milimita ɗaya ne ka gani. Ka cire shi ka mayar sau da dama kana harbi a tsakani, har ka gamsu saitin yana komawa. Bayan haka ka bar teburin gwaji, ka riƙa harbi a tsaye daga kan sanduna a mita 50, da kuma a hannu a mita 15, kana sake sa harsashi bindiga tana kafaɗa. In kun isa sansani jagoran zai sa ka gwada saiti kafin a fita, domin jirgi da hanyar mota suna iya gusar da shi.